Kwanon da Yaya Bilki Za Ta Kai wa Innata

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da fatan kina lafiya ke da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. 'Yan uwa masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Na san halinku a wajen sharhi, wani tun bai kai tsakiya ba zai fara jawo aya yana jifana da ita. Ku daure ku karanta tukuna. Ban zo wanke kaina ba, na san na yi laifi, kuma duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi. Shawara nake nema, don abin ya kai min iya wuya.

Ni 'yar Aujara ce ta ƙasar Jahun, amma yanzu ina zaune a Dutse, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Babanmu ya rasu ina 'yar firamare, ya bar Inna da mu uku, duk mata. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe mu, har yau in ka riƙe tafin hannunta za ka ji kantar muciya. Yayyena biyu suna gama sakandare aka yi musu aure. Ni ce mai taurin kai, na kafe sai na yi jami'a. Ranar da maganar ta je kunnen Kawu, wato yayan babanmu, har tsakar gidanmu ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ke yanzu marainiya mace, ba uba a kanta, za ki ɗauka ki tura jami'a? To ki shirya, ragowa za a dawo miki da ita." Inna ba ta ɗaga kai daga turmin da take daka ba, ta ce, "Yaya, in Allah ya yarda sai na ba ka kunya. Ranar da kwanonta ya zo za ka gani." Wannan maganar ita ce ta rataya a wuyana har yau.

Bari in yi muku bayanin kwanon, don na san ba kowane gida ake yi ba. A danginmu, washegarin da aka kai amarya, babbar yayar ango ita ke shiga wajen ƙaninta ta ji yadda ya sami amaryarsa. Sai ta haɗa kwanon samira a rufe, mata su rako ta, ta kai wa uwar amarya. Muna ce masa kwanon godiya. In an sami yarinya da mutuncinta, za a cika shi da goro da dabino da alawa, a ɗora turmin atamfa a kai, a shigo da guɗa. In kuwa ba haka ba, goro ɗaya tak za a huda da tsinke a jefa a ciki, a rufe, a kawo. Uwa ba ta sanin abin da ke ciki sai ta ɗaga murfi. Gaskiya rabon da a ga hudajjen goro a danginmu tun su Inna suna 'yan mata. Yanzu kowa cika kwanonsa yake yi, ango ba ya tonawa, yayarsa ba ta tsanantawa, an mayar da abin ado kawai. Amma tsofaffinmu ba su ɗauke shi ado ba. Kwanonin yayyena biyu suna nan a saman kabad ɗin Inna, ba ta bari ko gishiri a zuba a ciki, kuma ta bar gurbi a gefensu.

To ga laifina. A shekarata ta ƙarshe a jami'a na haɗu da wani, ya ce aurena zai yi, har Aujara ya je ya gaishe da Inna, ta soya masa gyaɗa ta ba shi. Abin da bai kamata ya faru ba ya faru tsakaninmu, kuma ba sau ɗaya ba. Ba zan ce muku asiri ya yi min ba, ba zan ce tilasta ni ya yi ba, da ƙafata na je. Muna gamawa ya koma garinsu, wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka, daga baya sai hoton ɗaurin aurensa na gani a wayar wata ƙawata. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, na yi azumi, na yi istigfari har bakina ya bushe, kuma wallahi tun daga lokacin ko hannuna wani namiji bai sake riƙewa ba. Shekaru sun wuce a kan haka. Ban gaya wa kowa ba, na bar shi tsakanina da Ubangijina, kuma da na ci gaba da yin shiru da yau ban rubuto muku ba.

Da na gama hidimar ƙasa na sami aiki a Dutse, sai na sauka a gidan Yaya Bilki a Takur. 'Yar Gwaggona ce, wato 'yar ƙanwar babanmu, ta girme ni sosai, tana da aure da 'ya'ya. Duk wanda ya san Yaya Bilki ya san ta da baki. Tana aiki da wata ƙungiya mai wayar wa mata kai, yau tana taro a Kafin Hausa, gobe tana Jahun, ga guruf ɗinta na mata a waya da ba ya barci. Ni kam na ɗauke ta uwa, na ɗauke ta malama. Yadda take ɗaura ɗankwali ma haka na koma ɗaurawa.

Wata rana da la'asar muna tsakar gida muna tsinkar zogale, sai wata maƙwabciya ta shigo da gulma, wai an ga 'yar gidan wane tana sauka daga motar wani, ai dama karuwa ce. Yaya Bilki ta ajiye tiren ta ce, "Maman Walid, tsaya. Shi mai motar meye sunansa?" Matar ta ce ba ta san shi ba. Yaya Bilki ta ce, "Ba sunan yanka nake tambaya ba. Ita kin ce karuwa. Shi fa? Mace ɗaya mun tanadar mata suna ya fi cikin kwando, karuwa, 'yar iska, kilaki, 'yar hannu, fanko, ragowa. Namiji kuwa sai a ce manemin mata, ana faɗa ana murmushi kamar an ba shi sarauta. Su biyu suka yi, Allah bai ce zunubin mace ya fi na namiji nauyi ba. Waɗannan kalmomin sun tsufa, zamaninsu ya wuce, mu mata mu ne ma muke raya su da bakinmu. Yarinya in ta yi kuskure ta tuba, wace ce ke da za ki manna mata suna har kabari?" Maman Walid ta ja mayafinta ta fita tana ƙunƙuni.

Ni kuwa sai na ji hawaye yana ɗiga cikin zogalen. Shekara da shekaru ina ɗauke da dutse a ƙirji, sai ga wata ta yi magana kamar ta leƙa zuciyata. Yaya Bilki ta ce, "Ke kuma lafiya?" Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuma sakarya na zauna na zazzage mata komai, har sunansa, har garinsu. Ta rungume ni, ta goge min fuska da gefen zaninta, ta ce, "Haba ƙanwata, shi ne kika ƙunshe wannan ke kaɗai? Wanda ya tuba ai kamar bai yi ba ne. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan, ko mijina ba zai ji ba. Kuma duk namijin da ya same ki ya tsinci dami a kala." Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, don za ku buƙace ta nan gaba. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Yanzu sai maganar Yaya Sagir, ƙanin Yaya Bilki uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ma yana da nasa tarihin, kuma nasa ba ɓoyayye ba ne, duk Aujara an sani. Yana saurayi matasan unguwa suka kama shi da wata yarinya, Rabi, a cikin wani kango bayan makaranta. Aka yi ta ƙura, aka sasanta, Gwaggo ta tura shi Kano wajen wani ɗan uwa ya koyi kasuwanci. Bayan 'yan shekaru ya dawo da jarinsa, ya buɗe shagon kayan gini a Dutse, ya tsayar da gemu, ba ya wasa da jam'i. In an tuna abin sai a ce ai ƙuruciya ce, yaro ya shiryu, alhamdulillahi. Ita kuwa Rabi, wanda ya kai kuɗin aurenta ya aiko a ba shi kayansa, kuma daga ranar sunanta ya koma Rabi Kango. Har yau ba ta yi aure ba, tana soya awara a bakin tasha. Yaran garin da aka haifa daga baya sun ɗauka Kango sunan babanta ne.

A nan ne kunyata ta biyu take, kuma ta fi ta farko ci min rai. Ni ma da bakina na kira ta Rabi Kango, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Mafi muni, bayan abin da ya faru da ni a jami'a, an yi wani biki a gida, aka zubo mana shinkafa a tire ɗaya, ta matso za ta sa hannu, na tashi na koma wani tiren ina yatsina fuska, mata suna dariya. Me ya sa na yi? Don a ga ni mai tsarki ce. Na fi kowa ɗaga murya a kanta saboda tsoron kar wani ya juyo ya dube ni. Ita an kama ta, ni Allah ya rufa min asiri, iyakar bambancinmu ke nan, amma na taka ta na wuce.

Yaya Sagir yana yawan zuwa gidan yayarsa cin abinci. Tun muna wasan taubasai, yana ce min malamar ABCD, ina ce masa mai siminti, har wasa ya zama gaske. Ban nemi abin ba, Allah ne shaidata, amma da ya zo ban ƙi ba, don mutum ne mai sauƙin kai, mai ban dariya, ga tausayin Inna. Kuma a raina na ce, shi da ya san faɗuwa ya san tashi, ai zai fi kowa fahimtar mai irin tabona. Da maganar ta isa gida, murna wajen Gwaggo da Inna ba a magana, tuwona maina. Kun san auren zumunci ba a bincike, wa za a tambaya, wa ba a sani ba? Aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan Babbar Sallah. Duk wannan abin da ake yi Yaya Bilki ba ta ce uffan ba. Na lura ta rage hira da ni, in na shigo falo sai ta tashi, amma na ɗauka gajiyar aiki ce. Ni da hankalina har cewa nake yi na yi sa'a, yayar mijina ita ce aminiyata, kuma ita ce mai kai kwano.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke ta leƙo kicin ta ce in na gama in same ta a ɗaki. Ɗakin nan dai da ta rungume ni. Na shiga, ta ce in rufe ƙofa. Ba ta ce in zauna ba.

Ta ce, "Na zuba miki ido ne in ga ko kina da kunya, ki janye da kanki. Ashe babu. To ki janye."

Na ce, "Yaya, in janye daga me?"

Ta ce, "Kar ki raina min hankali. Ki je ki ce kin fasa, ki ce ba kya son sa, ki ce duk abin da kika ga dama. Ni kuma na yi miki alkawari bakina alaikum, har miji zan nemo miki a wani wuri da ba a san ki ba."

Na dafa bango. Na ce, "Yaya Bilki, ba ke kika ce wanda ya tuba kamar bai yi ba? Ba ke kika ce duk wanda ya same ni ya tsinci dami a kala ba?"

Ta ce, "Na faɗa, kuma ko gobe aka ba ni lasifika zan sake faɗa. Amma taro daban, ƙanina daban. Cikinmu ɗaya da Sagir. Ba zan buɗe ido ina kallo ya kwashi ragowar wani ba."

Ragowa. Daga bakin Yaya Bilki. Kalmar da Kawu ya jefi Inna da ita, kalmar da ta tsaya a tsakar gida ta ce ta tsufa, ita ta ɗauko ta danƙara min, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Shi ƙanin naki fa? Ragowar wa ye shi? Ko an manta da kango?" Sai ta yi wani murmushi ta ce, "Shi namiji ne. Kuma nasa a fili aka yi, ya wuce. Ke kuwa rufe-rufe kike so a yi, a kawo wa uwata ke a matsayin sabuwa dal." Na ce to ai Allah ne ya rufa min, kuma malamai sun ce wanda Allah ya rufa wa asiri kar ya tona wa kansa. Ta ce, "Da kika tona min fa?"

Gaskiya ta faɗa, ni na miƙa mata wuƙar da hannuna. Na juya zan fita sai ta kira sunana, ta ce, "Kar ki manta ni ce babbar yayarsa, ni zan haɗa kwano. Ba sai na tambaye shi komai ba, na riga na sani. Ba zan tsaya gaban dangi in yi guɗar ƙarya ba. In kika bari aka kai ga ranar, goro ɗaya zan huda in kai wa Inna. Kina da lokaci daga nan zuwa ranar kawo lefe."

Jama'a, ku gaya min, wannan ba cin amana ba ne? Da wata tsohuwa ce ta ƙauye ta yi min haka, wadda ba ta taɓa cewa komai ya tsufa ba, da na ce halinta ne, a kansa ta tashi. Amma wadda ta buɗe min ƙofa da kanta, ta ce shigo nan babu mai jifan ki, sai da na shiga ta ɗauko dutse? Abin da ya ƙara ƙona min rai, ranar Litinin da safe ina shirin fita, na jiyo ta a falo tana naɗar murya za ta tura wa matan guruf ɗinta. Muryar nan mai taushi, tana cewa, "'Yan uwana mata, mu daina jifan junanmu da munanan sunaye, mu zama sutura ga junanmu." Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, muka haɗa ido, ba ta ko sarƙe ba, ta ci gaba da maganarta. A adaidaita sahu na yi kukana har makaranta, na ce wa yara mura nake yi.

Na ce to bari in gwada shi mai gayya mai aikin, wataƙila in na gaya masa da bakina ya rufe bakin yayarsa. Ango in ya ce a cika kwano, wa ya isa ya hana? Amma ban yi gangancin faɗa kai tsaye ba, an ce in za ka shiga ruwa fara sa sanda. Ya zo zance da yamma, muna zaune a kan benci a ƙofar gida, ya kawo min dabino, yana ta ba ni labarin fentin da zai yi wa ɗakina. Sai na ce, "Yaya Sagir, na ga Rabi kwanaki a kasuwar Jahun, ta rame. Wani lokacin sai in ji tausayinta, kuskure ɗaya ya cinye mata rayuwa." Ya ɓata fuska ya ce, "Ke ma dai, ana zaune lafiya ki ɗauko maganar 'yar iska. Ita ta ja ni, ni yaro ne lokacin. Irin waɗannan ai ba matan aure ba ne." Na ce, "Ko da ta tuba?" Ya ce, "Tuba tsakaninta da Allah ne, amma wa zai kai ta gidansa? Ni shi ya sa na dawo gida na nemi tarbiyyar Inna. Ke ai ko a jami'a na san ba ki da wasa." Ya miƙo min dabino yana dariya. Na karɓa na sa a baki.

Har yanzu ina son sa, kar ku ce ban faɗa ba, kuma wannan ma wani abin haushin ne. Amma tun ranar in na dube shi sai in ga kangon nan. Su biyu suka shiga, shi ya fito da shago da gemu da ranar aure, ita ta fito da sunan da ko a makabarta sai an faɗa kafin a gane wace Rabi ce ta rasu.

Ƙarshen makon da ya wuce na hau mota na tafi Aujara da niyyar in gaya wa Inna na fasa, in ƙirƙiro wani dalili. Ina sauka a tasha idona ya faɗa kan Rabi tana juya awara. Na so in kauce, sai ta riga ni, ta ce, "Malama, sannu da zuwa. Na ji abin alheri, ke da Sagir. Allah ya sanya albarka, Allah ya rufa asiri." Ba habaici a muryarta, ba komai, har ta ƙulla min awara a leda ta ce in kai wa Inna. Na buɗe baki in ce ta yafe min abin da na yi mata a bikin nan, na kasa, don in na ce ta yafe min sai ta tambaye ni me ya tuna min. Na ce, "Na gode, Rabi." Iyakar abin da na iya ke nan, na kira ta da sunanta ba tare da jelar da muka liƙa mata ba.

Na isa gida na tarar da Inna ta baza kayan ɗakina a tabarma tana nuna wa maƙwabta, tukwane, kuloli, labule, abin da ta daɗe tana tarawa da kuɗin man gyaɗa. Ta ga ni ta hau yi min kirari, 'yar autata mai boko, amaryar ɗan Gwaggo. Na jira mutane suka watse, na ce, "Inna, akwai maganar da nake so mu yi." Ta ce, "Ni ma akwai wadda nake so mu yi, zo ki gani." Ta ja ni ɗaki ta nuna min saman kabad. Ta sauke kwanonin yayyena ta wanke su suna ta ƙyalli, ta goge gurbin da ta bari, har sabuwar leda ta shimfiɗa a wajen. Ta ce, "Shekara nawa ina haɗiyar maganar Kawunku. Duk taron dangi sai ya tambaye ni, ya 'yar jami'a? Yana faɗa yana kallon mutane. To na yi alkawari, ranar da Bilki ta kawo kwanonki ba zan buɗe shi a gidan nan ba. A rufe zan ɗauke shi a ka, mata su biyo ni da guɗa, sai tsakar gidansa. A gabansa zan ɗaga murfin, shi da matansa da surukansa, ya gani da idonsa abin da marainiya ta kawo min." Tana faɗa idonta yana kawo ruwa don daɗi. Sannan ta juyo ta ce, "Wace magana ce taki?" Na ce, "Ba komai Inna, dama kalar labulen ce." Na kwana ɗaya na dawo Dutse, gidan Yaya Bilki, don ba ni da wani wajen zuwa. Muna cin abinci a tukunya ɗaya, tana ce min ƙanwata a gaban mijinta.

Yanzu mako mai zuwa za a kawo lefe. In na janye, Inna za ta tambaye ni dalili, Gwaggo za ta ce na raina ɗanta, zumuncin da ya rage mana a dangin uba ya watse, Kawu kuma ya ce dama ya faɗa, akwai abin da ake ɓoyewa. Kuma ko na janye, wa ya ba ni tabbacin Yaya Bilki za ta yi shiru? Ai ta taɓa yi min alkawari a ɗakin nan. In na gaya wa Yaya Sagir, kun ji da kunnenku abin da ya ce a kan Rabi, wadda shi da kansa ya shiga kangon da ita, to ni me zai kira ni? Wata zuciyar tana ce min in yi shiru in bar ta, ƙila barazana ce, ƙila in ranar ta zo ba za ta iya ba. Amma na ga idonta lokacin da ta faɗa, kuma ba da mutuncina kaɗai zan yi cacar ba.

Kullum a shafin nan ina ganin masu cewa zamani ya canza, wai yanzu an waye, wa ke damuwa da waɗannan sunaye. Ni ma na yarda da haka, shi ya kai ni na buɗe bakina. Ban ce zunubi ya tsufa ba, zunubi yana nan, na aikata, kuma ina fatan Allah ya karɓi tubana. Amma sunan fa? In da gaske ya tsufa, me ya sa wadda ta fi kowa cewa ya tsufa ta adana nata a ƙasan harshe, sai da abin ya zo ƙofar gidansu ta zaro shi? Ni abin da na gani, kowa yana yafe wa 'yar wasu ne matuƙar ba gidansu za a kawo ta ba.

Ni dai in don ta ni ce, a kira ni duk abin da aka ga dama, na ci bashin Rabi, in biya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne matar nan mai kantar muciya a hannu, ɗauke da kwano a ka, mata na guɗa a bayanta, ta ratsa gari ta tsaya a tsakar gidan Kawu, ta ɗaga murfi tana murmushi, ba ta san abin da ke ciki ba.

Don Allah 'yan uwa, wanda zai zage ni ya zaga, amma ya haɗa da shawara. Me zan yi?